Gwangwanin Tare Mai: Wace Mota Ce Ke Bukatarsa Tsakanin Tambuwal da Kebbe?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin kanikawa a Tambuwal cikin watan Janairu ya san abin da hunturu ke yi wa mota. Yaron gareji zai ɗaga bonet, ya zaro filtar iska, ya buga ta a jikin taya, sai jar ƙura ta turnuƙe kamar an kakkaɓe buhun dusa. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Tambuwal da Kebbe, balle wadda ke sakin kwalta ta nufi Kuchi, Girkau ko Ungushi, rabin rayuwarta a cikin ƙura take yi. Idan hunturu ya wuce bazara ta karɓa, zafin Afrilu ya haura digiri 40, wuta na cin inji ta ciki, rana na gasa shi ta waje.

A irin wannan yanayi ne wani ɗan ƙaramin kaya ya fara shigowa hirar masu mota, musamman ma'aikata da 'yan kasuwar da ke bin bidiyoyin gyaran mota a YouTube da TikTok. Gwangwani ne na alminiyom, girmansa bai wuce babban kofin shayi ba, da tiyo biyu a kansa. Masu tallarsa suna kiransa kach-kan. A Hausance, gwangwanin tare mai. A bidiyon za a ga an kwance shi bayan 'yan makonni, an juye wani baƙin ruwa mai kauri a gaban kyamara, ana cewa da ba don gwangwanin ba, da duk wannan ƙazanta cikin inji za ta koma. Wanda ya ga haka, ya kuma tuna kuɗin inji a kasuwa yau, dole hankalinsa ya tashi.

Amsar a taƙaice ita ce mafi yawan motocin da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, da waɗanda ke ratsewa Kebbe, ba su da bukatarsa, kuma kuɗin da za a kashe masa akwai wuraren da suka fi cancanta da shi. Akwai 'yan tsirarun injina da yake yi wa amfani na gaske, bisa sharuɗɗa, kuma yawansu na ƙaruwa kowace shekara. Kafin mutum ya san a wane ɓangare motarsa take, sai ya leƙa cikin inji.

Numfashin inji

Kowane inji, komai sabuntarsa, yana yoyon hayaƙi ta ciki. Lokacin da fetur ya kama da wuta a saman fistan, ƙarfin fashewar ne ke tura fistan ƙasa. Ringin da ke kewaye da fistan aikinsu su toshe tsakaninsa da bangon silinda, amma ba sa taɓa toshewa ɗungurungum. Wani kaso na hayaƙin yakan sulale ya gangara ƙasan inji, inda karanshaf ke juyawa, baƙin mai kuma ke kwance. Yana tafe da tururin ruwa, da fetur ɗin da bai ƙone ba, da kunkunniya. Idan aka bar shi ya taru, zai matsa wa sil da gasket har mai ya fara tsattsafowa, ya kuma gurɓata baƙin man ya koma kamar taɓo.

Motocin da aka ƙera kafin shekarun 1960 wani bututu kawai ake saƙala musu ya zubar da hayaƙin a titi. Da hazon hayaƙin motoci ya addabi birnin Los Angeles, sai aka fara sanya wa sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya ta Amurka wani ɗan bawul daga 1961, wanda ke mayar da hayaƙin cikin manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, domin inji ya sake ƙona shi. Wannan shi ne bawul ɗin PCV, kuma yau babu motar fetur da ba ta da shi ko makamancinsa. Illarsa guda ce: hayaƙin yakan ɗebo feshin baƙin mai a hanyarsa ta fitowa. A tsakiyar wannan tiyo ake dasa gwangwanin, domin hayaƙi ya wuce, mai ya tsaya.

Dabarar ba ta da aibi. Abin tambaya shi ne ko man da ke wucewa yana cutar da injin da ake magana a kansa.

Bawul mai wanka da marar wanka

A tsohon tsari, ko na kafireta ko na nozul mai fesa fetur a bakin silinda, fetur da iska tare suke bi ta kan bawul ɗin shiga. Fetur kuwa yana narkar da maiƙo, shi ya sa bakanike ke wanke hannu da shi. Idan inji na juyi 2,000 a minti, kowane bawul na buɗewa sau 1,000, kuma duk buɗewa wanka yake sha. Ɗan man da PCV ya kawo ba ya samun damar zama. Fetur ya wanke shi, wuta ta cinye.

A 1996 kamfanin Mitsubishi ya fitar da Galant mai injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, domin rage shan mai da ƙara ƙarfi. Sauran kamfanoni suka bi sahu, kowa da sunan da ya raɗa wa nasa: GDI a Hyundai da Kia, FSI da TSI a Volkswagen, TFSI a Audi, EcoBoost a Ford, CGI a Mercedes-Benz. A irin wannan inji iska ce kaɗai ke bi ta kan bawul, sai kuma feshin man da PCV ya kawo. Babu mai wanke shi. Zafi ya gasa shi, wani ya hau kan wani, har ya zama baƙin kabon mai tauri kamar ƙanzo a gindin tukunya. Hanyar iska ta ƙuntata, mota ta fara rawa a silo, ta riƙa cijewa da safe, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Maganin wanke nozul da ake zubawa a tanki ba ya isa wurin, domin fetur ɗin kansa ba ya bi ta nan. Sai an kwance manifol an kankare, ko an fesa wa bawul niƙaƙƙen ɓawon ɗan itacen walnot da iska mai ƙarfi.

Masu ƙera motoci sun san da matsalar. Tun 2005 Toyota ta fito da tsarin D-4S, mai nozul biyu ga kowace silinda, ɗaya a ciki, ɗaya a bakin bawul, kuma shi ne a Camry mai inji 2.5 daga samfurin 2018. Ford ma ta ƙara nozul na biyu a babban injinta na EcoBoost mai lita 3.5 a 2017. Injinan da matsalar ta fi shafa su ne na tsakiya, masu fesawa kai tsaye kaɗai, irin su Lexus IS250, Hyundai Sonata ta kasuwar Amurka daga samfurin 2011, da Honda Accord mai silinda huɗu ta kasuwar Amurka daga samfurin 2013.

Motocin da ke kan hanya

Wanda ya zauna a bakin tashar Tambuwal ya ƙirga abin da ke wucewa zuwa Dogon Daji ko Jega, zai ga Golf 3, Sharon, Peugeot 406 haɗin Kaduna, Corolla, Camry mai inji 2.4, Sienna, Hiace, sai Hilux na hukumomi da 'yan kwangila, waɗanda da yawansu injin fetur mai lita 2.7 ne a cikinsu. Kusan dukkan masu shan fetur a wannan jeri bawul ɗinsu na shan wanka. Sanya musu gwangwani ba ya hana wata cuta, domin cutar da aka ƙirƙire shi dominta ba ta kama su. Gwangwanin zai tara baƙin ruwa, mai mota ya gani ya ji daɗi, alhali abin da ya tara ɗin da inji ya ƙone shi ba tare da wata illa mai nauyi ba.

Wani zai ce ai ga tsohuwar Golf can tana jiƙa manifol da mai, fulogi na baƙi, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. Gaskiya ne, amma wannan alamar ringi sun cinye ce, abin da kanikawa ke kira bak-kwamfireshan. Gwangwani zai iya ɓoye wani sashe na alamar, ba zai mayar wa ringi ƙarfen da ya rasa ba. Haka Camry samfurin 2007 zuwa 2009 mai injin 2AZ-FE, wadda Toyota da kanta ta amince wasunsu na shan baƙin mai fiye da kima: ta gefen fistan man ke hawa ya ƙone, bai ma biyo ta tiyon da gwangwani ke gadi ba. Saya wa irin wannan mota gwangwani barin jaki ne a daki taiki.

Inda kuɗin ya fi cancanta

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Faɗuwar darajar Naira ta ninka kuɗin kayan gyara. Direban da ke ɗauko buhunan shinkafa da gero daga ƙauyukan Kebbe, ko malamin makarantar da ya tara shekaru kafin ya mallaki Corolla, ba shi da rarar da zai yi gwaji da ita. Kowace Naira da ya kashe wa inji dole ta tafi inda ake kashe injina a wannan yanki, kuma wuraren sanannu ne.

Na farko ƙura. Ƙurar hanya yashi ne mai laushi, kuma ƙwayarsa ta fi ƙarfen ringi tauri. Duk ƙwayar da ta tsallake filta, tsakanin ringi da bangon silinda take zama tana gugar su. Ringi ya ci, hayaƙin ƙasa ya ƙaru, man da PCV ke kwasowa ya ƙaru. Ashe baƙin ruwan da gwangwani ke tarawa, a wannan ƙasa, sau da yawa daga filtar iska labarinsa ya faro. Al'adar kai filta wurin mai faci a hure ta da kwamfiresa tana iya yaga takardarta ta inda ido ba ya gani. Tiyon iskar da ya tsage aka ɗaure da robar taya ƙofa ce a buɗe. Filta mai kyau, a canza ta da wuri a lokacin hunturu, ta fi kowane gwangwani tsawaita ran inji.

Na biyu baƙin mai. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsa, kuma hukumar SON ta sha kama jabun mai a kasuwannin ƙasar nan. Mai marar inganci yana saurin zama tururi idan ya ji zafi, tururin kuma ta PCV yake fita. Akwai kuma al'adar zuba 20W-50 a kowace mota, har da waɗanda aka rubuta 5W-30 ko 0W-20 a murfinsu. Mai injin fesawa kai tsaye mai tarbo ya kamata ya nemi galan mai alamar API SP, ma'aunin da aka fitar a 2020 musamman saboda irin injinsa.

Na uku tamostat. Da yawa daga cikin kanikawa na cire shi da zarar mota ta iso daga Kwatano, su haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne. Inji yana da zafin da aka tsara masa, wajen digiri 90, kuma sai ya kai wannan zafi ruwa da fetur ɗin da suka gangara cikin baƙin mai ke ƙafewa. Injin da aka hana ɗumama, musamman da asubahin hunturu, yana shan fetur fiye da kima, yana kuma tara taɓo a ciki.

Na huɗu bawul ɗin PCV kansa. A yawancin motocin Toyota da Honda ɗan ƙarami ne, kuɗinsa kaɗan, cire shi aikin 'yan mintuna. Idan ya toshe, sil ke biya. Idan ya maƙale a buɗe, mai yake zuƙa. Mutane da yawa sun yi shekara goma da mota ba a taɓa duba shi ba. Wanda bai gyara waɗannan huɗu ba, maganar gwangwani ba ta ma taso masa ba.

Waɗanda ya dace da su

Masu goyon bayan gwangwanin suna da hujja a wurare biyu. Na farko injin fetur mai fesawa kai tsaye kaɗai, wanda aka ambata a sama. Ko a nan ma akwai iyaka. Ba duk kabon ɗin bawul ne ke zuwa ta PCV ba. Wani daga sil ɗin bawul yake gangarowa, wani kuma hayaƙin ƙonuwa ne ke komowa baya. Gwangwani na jinkirta taruwar, ba ya hana ta gaba ɗaya, ba ya kuma cire wanda ya riga ya daskare. Motar da ta yi tafiyar kilomita dubu ɗari da ɗoriya kafin ta iso, a fara wanke bawul ɗinta tukuna.

Na biyu injin dizal mai tarbo, irin na Hilux D-4D, Mitsubishi L200 da Ford Ranger. Waɗannan suna da bawul ɗin EGR, mai mayar da wani sashe na hayaƙin salansa cikin manifol domin rage gurɓata iska. Hayaƙin dizal kunkunniya ce busasshiya; idan ta haɗu da feshin mai sai ta zama kamar kwalta, ta riƙa toshe manifol a hankali. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci a karkarar Ostireliya, inda tafiya ke da nisa ƙura kuma ke da yawa, suka rungumi masu tace mai irin ProVent na kamfanin Mann+Hummel na Jamus. A Najeriya akwai ƙarin dalili: shekaru da dama ma'aunin ƙasar ya halatta dizal mai sinadarin sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, lokacin da Turai ke kan kashi 10, kamar yadda rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ya fallasa a 2016. Sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50. Tsohon injin dizal da ya sha irin wancan mai ya riga ya ga wahala.

Yanayin Sakkwato ma ya ɗauke wa gwangwanin babbar matsalarsa ta ƙasashen sanyi, inda ruwan da ya tara ke daskarewa ya toshe tiyo. Yana kuma da wani amfani da ba a cika faɗa ba: ma'auni ne. Wanda ke lura da yawan abin da yake tarawa tsakanin juye da juye, ranar da ya ga ya ninka, ya san ringi ko PCV sun fara magana.

Sharuɗɗan

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sanya gwangwani ya ɗaukar wa kansa aikin da masu ƙera mota suka ƙi ɗora wa kowa, wato zubar da shi a kai a kai. Idan ya cika aka manta, inji zai zuƙi man a dunƙule, abin da ya fi feshin da ake gudu muni. A injin dizal har yana iya sa inji ya riƙa gudu da baƙin mai ko an kashe makulli. Idan tiyon ya yi siriri, ko zafin bazara ya lanƙwasa shi ya toshe, matsin ƙasan inji zai nemi mafita ta sil, sau da yawa na bayan karanshaf, wanda sai an sauke giya ake canzawa. Motar hukuma ko ta haya da ke hannun direbobi uku, babu wanda ya san ranar da aka zubar na ƙarshe, ita ce ta fi kowace shiga wannan haɗari. A shekarun nan da matsalar tsaro ta taɓa sassan Kebbe masu iyaka da Zamfara, tsayuwar mota a daji da magariba ba maganar kuɗin gyara ba ce kawai.

Saboda haka wanda injinsa ya cancanta ya kiyaye abubuwa biyar. Gwangwanin ya kasance mai raga ko matattara a ciki, domin na arahar da yawa fanko ne, hayaƙi ya shiga ya fita da mansa. Ya kasance rufaffe, mai mayar da hayaƙi cikin manifol. Mai 'yar filta a kai da ke shaƙar iskar waje bai dace da ƙasar ƙura ba, yana kuma rikita lissafin iskar da kwamfutar mota ke yi. Tiyon ya kasance mai jure mai da zafi, faɗinsa daidai da na asali. A duba shi a kowane juye, ko kafin nan a farkon sanyawa. Abin da aka zubar kuma kada a mayar da shi cikin inji, kada a zuba a ƙasa kusa da rijiya, domin haɗin mai ne da ruwa da fetur da sinadarai masu tsami. Mai sabuwar mota da ke da garanti ya tuntuɓi dillalinsa kafin a yanka tiyo.

Ranar sayen mota

Maganar gwangwani share fage ce ga wata da ta fi ta girma. Dokar kwastan ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, kuma a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Wajen 2018 kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka masu fesa fetur kai tsaye ne. Waɗannan su ne motocin hannu da ke sauka Legas da Kwatano yanzu, su ne kuma za su cika tashoshin Tambuwal da Jega idan Golf 3 ta gama zamaninta. Za su iso wurin kanikawan da suka ƙware a kafireta da tsohon nozul, ƙwarewa ta gaske, amma ba su da na'urar wanke bawul ko kyamarar leƙa cikin manifol. Motar da kabon ya shaƙe za a yi ta canza mata fulogi, kwail da famfon mai, kuɗi na tafiya, rawar na nan. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da hukumar NADDC mai horas da masu gyaran mota suna da aiki a nan, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuwa mai saye, tambaya ɗaya ce ta kamata ya yi wa dillali a Sakkwato ko Kano kafin maganar launi da kujerun fata: a ina nozul ɗin wannan inji yake fesa fetur? Idan a bakin bawul ne, ko kuwa biyu ne, ya manta da gwangwani, ya sayi filta da baƙin mai na gaske, ya sa a mayar masa da tamostat. Idan kai tsaye ne kaɗai, ko dizal ne mai tarbo, ya lissafa kuɗin wanke bawul cikin farashin motar, ya kuma tambayi kansa ko shi mutum ne mai buɗe bonet duk wata. In amsar e ce, gwangwani mai inganci zai biya kuɗinsa. In a'a ce, ya fi masa alheri ya bar injin yadda masu shi suka haɗa, ko ma ya nemi wata motar da ta fi dacewa da hanyar Kebbe.